Ungo, Nafi'u

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu kafaɗata ta dama ba ta daina ciwo ba.

Sai na fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai. Ni mai wankin hula ne a Gusau, ɗana Nafi'u kuma yana Amurka. Tsawo ne ya kai shi can, don tun yana sakandare sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Suka sa shi a wani wasa nasu da suke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake yinsa, ƙwallon ma doguwa ce kamar gwanda. Matsayinsa yana da suna na Turanci da harshena ya ƙi ɗauka. Yadda ya yi mini bayani, yana tsayawa ne a ƙarshen layin ƙattai. Wani lokaci ya zama katanga ya tare abokan hamayya, wani lokaci ya ruga a guje a jefo masa ƙwallo ya cafe. Makon nan manyan ƙungiyoyi masu ɗaukar 'yan wasa aiki za su gwada shi. A kan tarewa ba su da shakka, cafewar ce suke tantama. Shekaranjiya ya bugo waya yana roƙon in sa masa albarka.

Ban sa ba. A gidanmu ba a jefa wa mutum abu. Mahaifina, Malam Bawa, ya taɓa barin goro a ƙasa har ya bushe saboda wani attajiri ya cilla masa maimakon ya miƙa. Haka ya raine ni, haka na raini 'ya'yana: mai bayarwa ya miƙa ya ce ungo, mai karɓa ya sa hannu biyu. Kare ake jefa wa ƙashi. Na ce wa Nafi'u ban haifi wanda za a tara jama'a ana jifansa da abu yana rawar jiki ba. Ya ce, "To, Baba." Uwarsa Asabe kuwa ta dire mini kwanon tuwo da ƙarfin da ya wuce na kullum.

A mafarkin na tsinci kaina a wani ofis mai hawa da yawa, sai dai benen a kwance yake. Na yi ta hawan matakala har na yi haki, ban ɗaga daga ƙasa ba. Ana ruwa a waje, ruwan yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, mutane suna wucewa sun kifa lema a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ban yi mamaki ba. Na tattare rigata kawai don kada ta jiƙe daga ƙasa.

Wata akuya mai jan gyale ta karɓe ni a bakin ƙofa, ta ce nan ne Ofishin Tantance Hannuwa, kuma an daɗe ana jirana tun gobe. Ta kai ni gaban shugabansu, wani tsohon bunsuru mai farin gemu da tabarau. Ya gaishe ni gaisuwar mutunci, ya tambayi iyali da sana'a, sannan ya ce an kira ni ne shaida a kan hannun ɗana.

Na dubi kofatonsa a kan tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku da ba ku da hannu, ya aka yi kuke tantance na mutane?"

"Shi ya sa, Malam Isuhu," in ji shi. "Mai hannu ba ya adalci a maganar hannu."

Hannuwan Nafi'u sun riga shi zuwa. Suna kan benci su kaɗai, ɗaya a kan ɗaya, suna jiran kira. Na gane su da tabon da ke bayan na hagu, inda dutsen guga ya taɓa ƙona shi a rumfata. Da suka gan ni sai suka sauko ƙasa suka gaishe ni. Tausayinsu ya kama ni. Akuyar ta auna su da karan dawa daga babban yatsa zuwa ƙarami, ta ce faɗinsu ya isa har ya yi saura. Ta cinye karan, aka ci gaba.

Bunsurun ya yi mini bayanin aikinsu a natse, kamar mai karanta hukunci. Ya ce girman hannu ba shi ne cafewa ba. Suna duba ko mutum yana tarbar ƙwallo da yatsunsa tun tana iska, ko kuwa yana jira ta doki ƙirjinsa sannan ya rungume, domin ƙirji ba ya riƙe amana. Suna duba ko idonsa yana raka ta har cikin tafin hannu, ko ya fara tunanin gudu tun ba ta iso ba. Suna duba yadda yake karya kwana ya yar da mai gadinsa. Amma mai irin matsayin Nafi'u, ya ce, a tsakiyar fili ake aikensa, inda ƙattai suka fi yawa, don haka babbar tambayar ita ce ko zai riƙe abin da ya kama bayan an banke shi.

Nan kam ina da abin faɗa. Na ba shi labarin ranar da Nafi'u ya ɗauko faifan huluna wankakku zai kai wa masu su, wani sa ya ƙwace a kasuwa ya yi awon gaba da shi. Yaron ya faɗi a kwata, gwiwarsa ta fashe, amma faifan yana sama a hannunsa, ko hula ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Ina faɗa ina jin alfahari, har na manta cewa fushi nake yi da wasan. Bunsurun ya gyaɗa kai ya ce wannan shaidar ta karɓu.

Sai muka ga kanmu a duhu. An tsayar da wata farar saniya ana haska majigi a jikinta. Ga Nafi'u yana gudu, ya karya kwana tsaf, mai gadinsa ya zame ya bar shi. Ga ƙwallo tana zuwa. Hannuwansa suka ɗaga, suka buɗe, sai suka ɗan tsaya. Tsayawar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta isa ƙwallon ta wuce yatsunsa ta daki ƙirjinsa ta faɗi. Aka maimaita. Aka kawo wani wasan, da wani. Saniyar tana tuƙa, hoton yana motsi da haƙarƙarinta, tsayawar nan tana nan a kowanne.

"Ba tsoro ba ne, mun auna tsoronsa," in ji bunsurun. "Kafin ya kama sai ya saurara. Wa yake saurare?"

Na san amsar. Na ce tarbiyya ce. Ya ce su ma sun ga alama, kuma ba su da abin cewa a kan tarbiyyar gidan mutum, sai dai a ofishinsu mai saurarawa ba ya wucewa. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi.

Sai ga mu a fili. Ciyawa kore shar, an ja mata fararen layuka, layukan suna tashi lokaci-lokaci su sauya wuri. 'Yan kallo duk huluna ne a kan katakon shanya, jere har sama, kuma na gane da yawa a cikinsu don ni na wanke su. Can ƙarshen filin ga Nafi'u ya sa hannuwansa, kafaɗunsa kamar an cusa matasai, kansa cikin hular ƙarfe mai sanduna a fuska. Wasu ƙattai biyu marasa fuska suna tsaye kusa da shi.

Bunsurun ya ce gwaji ɗaya ya rage. In ya cafe an ɗauke shi, in ya yar ya tattara ya tafi. Sai dai mai jifan nasu ya tafi jiya bai dawo ba, saboda haka ni zan jefa. Akuyar ta ɗora mini ƙwallon a hannu. An naɗe ta a cikin hulata, tana da ɗumi, tana numfashi a hankali. Ba wanda ya gaya mini, amma na san ita ce albarkar da yaron ya roƙe ni a waya.

Na ce zan ba shi, amma ba zan jefa ba. Zan je in miƙa masa kamar yadda ake ba ɗan mutum.

"Fili naka ne," in ji bunsurun.

Na kama hanya. Ina tafiya filin yana ƙaruwa. Na wuce Kwatarkwashi, na wuce wasu garuruwa da ban san sunansu ba, na shiga wani teku da bai wuce idon sawu ba, jirage suna tafiya a ƙarƙashinsa. Duk lokacin da na ɗaga kai Nafi'u yana inda yake, ƙarami kamar ɗan yatsa, yana jira. Ƙwallon ta fara hucewa a hannuna, numfashinta yana raguwa, tsoro ya kama ni sosai.

A tsakiyar tekun akwai bishiyar ɗorawa, a gindinta mahaifina yana zaune a kan buzunsa, yadda na san shi kafin rasuwarsa. Goron nan yana gabansa a ƙasa, ya bushe ya yi baƙi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni ina zuwa da kaya. Na gaya masa komai. Na ce ina kan abin da ya koya mini, ban jefa ba, ba kuma zan jefa ba.

Ya daɗe yana kallon goron.

"Wanda ya jefo mini wannan, Isuhu, yana tsaye ne inda kake ɗin nan," in ji shi. "Da ya miƙo hannu da ya same ni. Naka yana ina?"

Na nuna masa. Ya kare ido da tafin hannu ya duba, ya ce shi kam bai hango kowa ba. Sai ya juya ya ci gaba da jan carbinsa, ruwan da ke tashi sama ya rufe shi.

Na sake ganin kaina a farkon filin, inda na taso, bunsurun yana gefena yana goge tabarau. Aka busa usur. Nafi'u ya ruga a guje ya ba ni baya, ƙattan biyu suka rufa masa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ni tun da nake ban taɓa jefa wa ɗan Adam komai ba, ko tsakuwa a wasan yara ban iya ba. Na ja hannu baya na yi bismillah na saki, kafaɗata ta yi ƙara.

Jifan bai yi kyau ba, gara in faɗi gaskiya. Ƙwallon ta tafi tana tangaɗi, ta yi sama da yawa, ruwan yana ƙara ɗaga ta, kuma ta nufi bayansa maimakon gabansa. Hulunan nan duk suka juya suna bin ta. Nafi'u ya karya kwana, ya waiwayo, ya gan ta. Ya yi tsalle ya murɗa jikinsa a iska, ƙattan suna dab da haƙarƙarinsa. Hannuwansa suka ɗaga suka buɗe. Na ga tsayawar nan tana zuwa, na san ta, ni na sa ta a wurin.

Ban san kalmar da masu wasan suke faɗa ba. Wadda na sani ita ce ta gidanmu, wadda ake faɗa wa wanda yake kusa. Na buɗe baki na kwarara ta har maƙogwarona ya yi zafi.

"Ungo!"

Hannuwan ba su tsaya ba. Na ga yatsunsa sun taɓa hular, na ga ƙattan sun iso, sai wata ƙara ta cika filin, ƙara mai tsawo da ba ta yankewa.

Injin markaɗen maƙwabta ne, an tayar da shi da sassafe kamar kullum. Ina kwance a kan katifata, hannuna na dama a miƙe, hulata kuma tana can bakin ƙofa a ƙasa. Asabe ta shigo ta ɗauke ta, ta kakkaɓe, ta nufo ni za ta miƙa mini da hannu biyu yadda ta saba tun aurenmu.

Na ce, "Tsaya nan. Jefo mini."

Ta dube ni kamar mai duba marar lafiya. Na sake faɗa. Ta jefo a hankali, daga nan zuwa can, hular ta wuce yatsuna ta daki ƙirjina ta faɗi. Na zauna ina kallon hular a ƙasa. Sannan na ce ta kira mini yaron. Ta ce can dare ne yanzu, yana barci. Na ce ta kira.

Wayar ta daɗe tana ƙara, injin yana ta markaɗe a bayan katanga. Can ya ɗauka da muryar barci, ya ce, "Baba? Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Buɗe hannunka, Nafi'u. Ungo."