Akwatin Afnan Mai Sallama

Ni Ubale ba na tsoron komai, kowa a Nguru ya sani. Agana ta kama ni ina yaro, ta bar min tabo ta tafi. Jirgin ƙasa ya kife da ni ina zuba masa gawayi, na fito da ƙafata. Kwalara ta share layinmu a barikin reluwe, ni na haƙa kaburbura. Ban taɓa zama a aji ba, amma ɗana Ashafa manya yake koyarwa a jami'ar Jalan Semarak. Shi ya kawo ni Kuala Lumpur a yi min aikin ido, sai korona ta rufe hanya, na maƙale a saman bene a unguwar Sentul. Ina nan aka bugo waya cewa matata Mero ta rasu a gida. Aka binne ta ban gani ba. Ban yi kuka ba, ku tambayi Ashafa.

A wannan hutun jikata Afnan ta shiga sansanin kimiyya da zane na yara. Sansanin a cikin kwamfuta yake, tunda ba fita. Wata Madam Patience, 'yar Jos, ke koyar da su. Mai babur ya kawo musu kaya har ƙofa: wayoyi, fenti da wani ɗan ido na roba mai jin ɗumin jikin mutum. Afnan ta harhaɗa su cikin akwatin kwali, ta zana masa furanni, ta naɗi muryarta, ta rataye shi a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo, akwatin zai yi masa sallama.

"Amarya, wa zai shigo? An hana ziyara," na ce.

"Kai mana, tsoho mai ran ƙarfe. Wuce mu gani lah," in ji ta, da "lah" ɗin da 'yan garin nan ke ƙarawa a ƙarshen magana.

Na wuce, ya yi sallama, muka yi dariya.

Washegari da la'asar ina zaune ni kaɗai a falo, ƙofa a buɗe saboda zafi, sai na ji: "Salamu alaikum." Na amsa, don ba a barin sallama a ƙasa. Na leƙa, ba kowa a barandar, sai takalman maƙwabta. A lokacin na lura da muryar. Yarinyar tana jan ƙarshen sallama kamar mai tambaya, yadda Mero take yi in ta kawo min kunu bayan na taso daga aiki.

Haka ya ci gaba kullum. Ina idar da la'asar sai in sa hula, in juya kujera ta fuskanci ƙofa. Muryar ta yi sallama, in amsa, in ba ta labarin garin nan: jirginsu ba hayaƙi, ruwan sama ba ya jiran damina. Ba tsoro nake ji ba, gashin hannuna ne kawai ke tashi.

Ran nan Afnan ta kama ni.

"Kaka, da wa kake magana?"

"Da baƙo."

"Ba baƙo. Kuskure ne. Madam ta ce rana ke gasa ƙarfen ƙofa, in iskar hadari ta taso sai ta turo ɗumin, idon ya ɗauka mutum ne. Zan liƙe gefensa da tef."

"Bar shi haka."

"Tak boleh, Kaka! Ba zai yiwu ba. Ran Asabar kowa zai nuna aikinsa. In ya yi magana ba kowa, Noah ɗan sansaninmu zai yi ta min dariya."

"Ni da na iza wutar jirgi daga Kano zuwa Nguru zan gaya miki, inji ba ya magana a banza."

"To wa ke zuwa?"

Ta tsaya tana kallona da tef a hannu. Yarinyar da ta yi sati tana ƙona yatsu kan wayoyi, in sa a yi mata dariya? Na ce ta liƙe.

Ran Asabar aka kunna kwamfuta, fuskokin yara suka cika gilashin. Aka jira, akwatin ya yi shiru kamar yadda ake so. Sannan Madam Patience ta ce, "Baba, shigo mu gani." Na shigo daga baranda, ya yi sallama, yara suka tafa. Ba wanda ya amsa.

Da aka tashi Afnan ta hau kujera ta ɓare tef ɗin. Ta zo ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafata. Rana ta gasa ƙofar. Hadari ya haɗo daga wajen tashar jirgi, iska ta shigo ta ɗaga labule, ruwa ya sauko, amma akwatin bai yi sallama ba.

"Ƙila batir ne," in ji ta.

Ta canza batir. Ta wuce ta gabansa, ya yi mata sallama garau. Ta dawo ta zauna, muka zuba wa ƙofa ido har aka kira magariba a waya.