Teku Sai an Ja Baya

Tela, maƙwabciyar wani tsoho, tana riƙe da zanen da ta sauke daga bangon ɗakinsa lokacin da 'yar tsohon ta ce a fitar da shi kawai, ƙura yake tarawa. A ganin 'yar ma ruwa ne ya taɓa lalata shi: shuɗi ya cakuɗe da fari, ga wani jan ɗigo a gefe kamar an goge yatsa.

Tsohon ya ɗaga hannu daga kan gado. Kyaftin ake ce masa a gidan hayar, ko da yake girki ya yi a jirgin ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da ciwo ya kwantar da shi aka tura gadonsa ƙarƙashin zanen don masu dubiya su sami wurin zama. Ya ce tun ranar bai sake ganin teku ba.

"Ai a kanka yake rataye, Baba," in ji 'yar.

"A kaina fenti ne. Teku sai an ja baya."

Shekara da shekaru tela tana tsokanarsa cewa mai zanen ya manta tabarau a gida. Yau ba ta yi wasan ba. Ta ce a buɗe ƙofa, a gyara masa matashi. Ta rungumi zanen a ƙirji, fuskarsa na kallon gado, ta fara ja da baya. Ta wuce bakin ƙofa, ta wuce igiyar shanya, har diddigenta ya taɓa bokitin wani maƙwabci.

Tsohon ya ce wa tela, "Ƙara kaɗan, 'yata. Yawwa. Tsaya nan."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa 'yarsa ta zo ta sa kanta kusa da nasa. Ya nuna mata gaɓa, da hasken safiya a kan ruwa, da jan ɗigon nan, wanda ashe kwalekwale ne yana dawowa. Ta ce ta gani, kuma daga muryarta tela ta san ba lallashi ba ne.

Hannayen tela sun yi tsami, amma ba ta sauke ba sai da barci ya ɗauke shi.

Washegari da hantsi ya rasu.

Da aka kwashe ɗakin, 'yar ta buga ƙusa a bangon ƙarshen baranda ta rataye zanen, ta ce a nan zai fi samun fili. Daga inda keken ɗinkin tela yake, kwalekwalen yana fitowa sarai, yana dab da gaɓa.