Maɓallin Wuyan Baba

Tun safe Ilinca ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Shiru.

Ita ta haɗa wa mahaifinta 'yar na'urar da yake ratayawa a wuya, can ƙauye inda yake zaune shi kaɗai. In ya faɗi sai ya danna maɓalli, ƙwaƙwalwar na'urar ta katse duk abin da take yi, ta turo mata saƙo birnin Cluj, inda take aiki. Tsohon kuwa, da neman magana, ya mai da ita abin wasa: miya ta yi gishiri ya danna, akuya ta haihu ya danna. Ranar Lahadi ta je ta sabunta manhajar tana ta mita. Tun ranar ko sau ɗaya saƙo bai shigo ba.

"Ke dai ba a iya miki," in ji Horia, abokin aikinta, baki cike da burodi. "Ya kira, ƙorafi. Ya yi shiru, ƙorafi."

"Rufe min baki ka zo ka duba nan."

Ta buɗe umarnin da ta rubuta. Ƙa'ida ce da kowa a sana'ar ya sani: kafin na'ura ta adana wani abu, a toshe mata kunne kada a katse ta, in ta gama a buɗe. Ta toshe kam. Amma akwai wata 'yar hanya da umarnin ke ficewa in batir ya yi ƙasa, kuma a nan ba ta buɗe ba.

Horia ya daina tauna. "Wato fitilarta na ci, amma ba ta jin kowa?"

Gabanta ya faɗi, tsoro da kunya suka rufe ta. Ta kira baban, ba a ɗauka ba. Ta kira maƙwabciyarsa.

"Inna Veta, don Allah leƙa min Baba. Yanzu-yanzu, kar ki kashe!"

Tana ta zarya tsakanin tebura, tana jin takun tsohuwar, da haushin kare, da ƙarar ƙyaure. Sai "Wayyo Allah!"

"Ga shi a ƙasan kicin, 'yar nan. Da ransa. Ƙugunsa ya bugu, wai tun jiya ya faɗi."

"Ba shi wayar."

Muryarsa ta fito a dushe.

"Na danna, Ilinca. Na yi ta dannawa. Da na ji shiru sai na ce, to, aiki ne ya yi mata yawa."