Tirelar Baba a Digiri Casa'in

Duk wanda ya ce wasan kwamfuta na yara ne, ya zo gidanmu da ƙarfe huɗu na yamma ya ga Baba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan tirela, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauko da shi daga mota ya zaunar da shi a falo. Wata bakwai ya yi yana kallon bango. A gaishe shi ya amsa da ka, a kawo abinci ya ture. Likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta ce a samo masa abin da zai riƙa juyawa da hannun hagun, ko ma mene ne. Ni kuma da shegen karambanina na samo sitiyarin wasa na hannu, na ɗaure shi a bakin teburin aikina, na sa masa wasan tuƙin manyan motoci.

Ranar farko ya ce raini ne. Rana ta uku ya ce madubin gefe bai zauna daidai ba, in gyara masa. Daga nan shi ke nan, sai ga Baba yana wanka tun ƙarfe uku, ya sa hula, ya jawo sandarsa zuwa ɗakina kamar mai zuwa tasha. Har faɗa yake yi wa ƙananan motocin cikin allo, wai ba su san darajar babbar mota ba. Umma ta leƙo daga ƙofa tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Matsalar ita ce kwamfutar nan da ita nake ci da ita nake sha. Zanen gidaje nake yi wa wani injiniya, irin wanda mai gida zai ga ɗakunansa tun ba a aza bulo ba. Daga safe zuwa huɗu tawa ce, daga huɗu zuwa shida ta Baba ce. A lokacin Baba ne kuma take fara kuka. Fankar cikinta ta dinga ƙugi kamar injin niƙa, gefen akwatin ya yi zafin da ba ka iya barin tafin hannu a kai. Wata Laraba yana shirin wuce wata motar katako sai allon ya ɗauke, ɗif. Minti biyu kafin ta yarda ta tashi, ni kuwa a minti biyun nan na tsufa.

Washegari na rungume ta zuwa wurin mai gyara. Ya kwance murfin, ya hure ta, ya nuna min wani faffaɗan abu mai fanka biyu.

"Wannan shi ne katin hoto, Malama. Duk abin da kike gani a allo shi ke zana shi. Zanenki yana ba shi aiki ya huta, ya ba shi ya huta. Wasa kuwa babu hutu, kowace bishiya, kowane ɗigon ruwan sama, kowace inuwa, shi zai zana, sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Ga shi ya tsufa."

"To zai ƙone ne?"

"Ban ce zai ƙone gobe ba. Ban kuma ce ba zai ƙone ba."

Na tsani irin wannan amsa, amma na haɗiye. Ya sa min wata 'yar lamba a kusurwar allo mai nuna zafin katin. Ya ce in tana saba'in da wani abu in yi barcina, in ta haura tamanin da biyar in fara kula, in ta taɓa casa'in kuwa in san ina wasa da abincina. Ya nuna min inda ake rage wa wasan kyau don a sauƙaƙa wa katin aiki, ya ce ko in rage, ko in hana tsohon wasa.

In hana shi? Da wane bakin?

Tun daga ranar na daina ganin titi. Baba yana tuƙi, ni ina bayansa a kan kujerar roba, idona a kusurwar allo. Ya tayar da mota, sittin da takwas. Ya fita daga gari, saba'in da tara. Ruwan sama ya sauko a cikin wasan, ya kunna abin share gilashi yana murmushi, lamba ta yi tsalle zuwa tamanin da bakwai. Na cire murfin akwatin. Na jawo fankar tsaye na saita ta a kai har Baba ya ce zan sa masa mura. Na ɗora akwatin a kan bulo biyu don iska ta ratsa ta ƙasa. Duk da haka ranar Lahadi, a kan wata gada, na ga casa'in da ɗaya da idona, ga kuma zanen bene mai hawa uku da zan miƙa ranar Alhamis yana kwance a cikin na'urar.

Ranar Litinin, yana wanka, na shiga na rage komai. Na kashe inuwa, na rage kaifin hoto, na rage nisan abin da ake hangowa. Bishiyoyi suka koma dunƙule-dunƙule, rubutun allunan hanya ya dagule sai an zo dab da shi. Na ce a raina tsoho ne, ina zai lura. Ban gaya masa ba, don na san halinsa, in ya ji motarsa na cutar da aikina ko sitiyarin ba zai sake taɓawa ba.

Lamba ta tsaya a saba'in da biyu. Fanka ta yi laushi. Har waƙa na yi a kicin ranar.

Sai dai Baba ya canza. Ya daina yi wa ƙananan motoci faɗa. Yana tuƙi a hankali, yana matso da fuska kusa da allo, yana murza ido da bayan hannu. Ranar Talata rabin sa'a kawai ya yi ya ce ya gaji. Ya bar abincinsa. Na tambaye shi ko jikin ne, ya ce lafiya lau. Ni kuma da yake hankalina na kan benen mutane, na karɓi lafiya lau ɗin na wuce.

Ranar Laraba ya zo da hularsa kamar kullum. Ya yi tafiyar minti goma, sai ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birki, ya kashe mota. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari.

"Uwata, tura ƙofar nan."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Na tura ƙofar.

"Kada ki ɗaga murya, Ummanku na tsakar gida. Abin nan ya dawo."

"Wane abu, Baba?"

"Ciwon. Wancan karon ma ta ido ya fara, ban gaya wa kowa ba. Ina kan hanya na ga alluna sun yi dishi-dishi, kwana huɗu a tsakani na faɗi. Yanzu yau kwana uku ke nan ba na iya karanta allon hanya sai na zo gindinsa." Ya ƙara sassauta murya. "Takardun gidan nan suna cikin jakar da ke ƙarƙashin gadona. Ki kira yayanki ya zo gobe, amma kada ki ce masa komai a waya, yana da gaggawa a tuƙi. Ummanku kuma ki bar ni da ita, ni zan san yadda zan faɗa mata."

Na durƙusa a gabansa. Kunya ta rufe ni. Kwana uku bawan Allahn nan yana kwana yana tashi da mutuwa a ransa, ni ina waƙa a kicin.

"Baba, ba idonka ba ne. Wallahi ba idonka ba ne. Ni ce."

Ya dube ni bai gane ba. Na fara bayani ina haɗa kati da fanka da mai gyara, maganar ta ƙi tsayuwa, sai kawai na miƙe na jawo linzamin kwamfutar. Na mayar da komai yadda yake, har ƙarshe. Allon ya ɗauke ya dawo. Ganyen bishiyoyi suka fito ɗaya-ɗaya, inuwar tirelar ta kwanta a kan kwalta, can nesa kuma ga wani koren allo.

"Karanta min wancan, Baba."

Bai matso ba. Daga inda yake zaune ya karanta, a hankali, har da adadin kilomita. Ya rufe idon dama ya sake karantawa. Ya rufe na hagu ya sake. Sannan ya sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Fanka ta fara ƙuginta. Tamanin da huɗu. Tamanin da takwas. Ina gani, ban motsa ba, na ce ko za ta kama da wuta yau sai dai ta kama.

"Wannan lambar da ke hawa fa?" ya tambaya.

"Zafin injin ne, Baba. Na kwamfutar, ba na motar ba."

"A nawa yake lalacewa?"

"An ce kada ya wuce casa'in."

"Kuma da ita kike aikinki." Ya juyo ya kalle ni sosai, irin kallon da yake min ina ƙarama in na ɓoye abin da na fasa. "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ƙona injin kowa ba, sai na 'yata zan fara da shi? Me ya hana ki faɗa min?"

"Na ji tsoron ka daina."

Casa'in. Ya mayar da hularsa, ya gyara zama, ya kama sitiyari da hannun hagun da ke ɗan karkarwa.

"Mayar da shi dishi-dishin," ya ce. "Tunda dai ba idona ba ne, na iya hanya."