Allurar da ta ji gishirin zango

A shekarar da rafin Unguwar Labo ya ƙafe tun ba a gama sussukar dawa ba, hukumar En'e ta ce rijiya ɗaya tak za ta haƙa musu. In ta ba da ruwa, to. In ta ƙi, sai kowa ya ɗaure kayansa. Hansai kuwa, tsohuwa Bamagujiya da aka haifa a nan, ta ce ita sai dai a fita da gawarta.

Ma'aikacin da aka turo daga Funtuwa, Malam Ummaru, ya zo da akwati da dogayen wayoyi da turakun ƙarfe. Sai ya kafa turke, ya tura wutar lantarki cikin ƙasa, allurar akwatin ta motsa. Inda akwai damshi, in ji shi, wuta takan wuce salin alin. Hansai ta riƙe baki. Ta san ƙasa tana cin iri, tana cin mutum, amma ba ta taɓa jin an yi mata tambaya ta amsa ba.

Kwana uku allura tana ta nawa. Ran na huɗu, a wani faƙo gabas da gari, ta zabura har ƙarshe. Mata suka ɗau guɗa. Shi ko Malam Ummaru sai ya yi tsuru.

Hansai ta ce, "Ɗan nan, me ya ɓata maka rai?"

"Iya, irin wannan zabura sau ɗaya na taɓa gani, a Ikko, bakin teku. Ruwan gishiri yakan janye wutar, sai allura ta yi ƙarya. To ina teku a ƙasar Malumfashi?"

Hansai ta dubi faƙon. Ta durƙusa da ƙyar, ta dangwali ƙasar, ta kai bakinta.

Ta ce, "Zango ne. Ina ƙarama nan Buzaye ke sauke gishiri da kanwa duk rani, tun zamanin kakanni. Shi ya sa ko gero ba ya fita."

Shekara hamsin rabon da raƙumi ya durƙusa a wurin, masu ayarin duk sun mutu, ga wata 'yar allura ta ji su.

Labo mai unguwa ya fusata. "Tsohuwa, kin zubar mana da ruwa tun ba a ɗebo ba."

Tsoro ya kama Hansai sosai. In ita ce ta yi kuskure fa?

Malam Ummaru ya tuge turakunsa, ya koma yamma, gindin wani baure inda allura ta ɗan motsa kaɗan. Aka yi sati biyar ana haƙa, wasu har sun fara ɗaure tukwane. Da zurfi ya kai gaba goma sha ɗaya, gugan farko ya fito da nauyi.

Hansai aka miƙa wa. Ta kurɓa, ta jujjuya shi a baki kamar mai neman laifi. Garɗi zalla, ko ɗigon gishiri babu. Ta zauna daɓas a kan ƙasar da aka tono.

Ta ce, "Labo, aika a ce su kwance kayan."