Kai Ka Kawo Takardar

A cikin baro aka kawo shi, ƙafafunsa na reto, rigarsa na ɗigar ruwa da taɓo. Mutum biyu ne ke turawa, wasu biyar suna biye daga nesa-nesa. Abdulkabir yana ƙofar zaurensa yana faman gyaran babur da hantsin ranar Lahadi lokacin da suka shawo kwanar masallaci. Tun kafin ya ga fuska ya gane maƙwabcinsa ne, Muntaka.

"Innalillahi! Me ya same shi?"

"Ciwonsa ne ya tashi a bakin kanal," in ji mai lambun da yake yi wa ƙwadago, yana share gumi da hularsa. "Yana ɗibar tumatir ya je wanke hannu, sai ji muka yi tsundum."

"Ya daɗe a cikin ruwan?"

Mutanen suka kalli juna, suka kalli ƙasa.

"Da gora muka jawo shi," wani ya faɗa daga baya. "Ka san halin ciwon nan, Malam Kabiru. Kumfa na fita. Wa zai sa hannu?"

Abdulkabir ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya sunkuya ya rungumo Muntaka, ya ji shi sakayau kamar ba mutumin da ya taɓa ɗaukar buhun shinkafa a kafaɗa ɗaya ba. Ya yi sallama ya shiga da shi cikin gida. Aina'u, matar Muntaka, ta saki muciyar da ke hannunta ta ɗora hannu a ka.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajen nan biyu a Tudun Ɗorawa, ita ma rabinta damina ta cinye. Tare Abdulkabir da Muntaka suka tashi, allo ɗaya, kiwo ɗaya, kwano ɗaya. Farfaɗiya ta kama Muntaka tun yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma sau ba adadi Abdulkabir ya riƙe masa kai a daji har ta sake shi. Bai taɓa ɗaukar komai ba. Da aka buɗe kamfanin casar shinkafa a bakin titin da ya nufi Watari, Abdulkabir ya zama heluma, shi ke kula da leburori, shi kuma ya kai Muntaka. Shekara takwas Muntaka yana riƙe da keken ɗinke bakin buhu. Yana shan ƙwayarsa safe da yamma, ciwon ya lafa har wasu ba su ma san yana da shi ba. Direbobin manyan motoci kan ce buhun da Muntaka ya ɗinke ko daga saman mota ya faɗo ba ya fashewa.

Sai wata ranar Talata bayan girbi, ana tsakiyar lodi, farfaɗiyar ta kayar da shi a tsakar sito. Leburori suka watse kamar an jefa maciji. Da ya farfaɗo ya tarar an zagaye wurin da ya kwanta da toka.

Washegari da azahar aka sauke abinci a gindin dalbejiya yadda aka saba, mutum biyar-biyar a faranti. Muntaka ya wanke hannu ya tsuguna. Ɗaya bayan ɗaya mutanen farantin suka tashi, wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya ce zai yi alwala. Ya rage daga shi sai Abdulkabir, ido kuma duk yana kansu. Abdulkabir ya kai loma biyu, sannan ya lalubo wayarsa da ba ta yi ƙara ba, ya kara a kunne, ya miƙe. Bai dawo ba.

Kafin mako ya zagayo leburori sun je wa Manaja Zubair a ƙungiyance, suka ce ko su ko Muntaka. Manaja ya kira Abdulkabir ofis. Khaulat na nan, matashiyar da ke riƙe da takardun ma'aikata, ba ta daɗe da gama jami'a ba.

"Heluma, kai ka san shi," in ji Manaja. "Faɗa mini gaskiya, zai iya ci gaba?"

Abdulkabir ya san amsar. Ya kuma san cewa Jamil, ƙanin matarsa, ya shekara biyu yana zaman kashe wando, kullum maganar kenan a gida.

"Ranka ya daɗe, mutumin kirki ne. Sai dai ina gudun kada wata rana ya faɗa wa inji."

"Teburinsa fa yana can ƙarshen sito, ina shi ina inji?" Khaulat ta ce. "Yallaɓai, ba a ɗaukar ciwon nan, kowane likita zai gaya maka. Kuma akwai doka. Gwamnatin tarayya ta hana a nuna wa mutum wariya a wurin aiki saboda lalurar da ke jikinsa. In muka kore shi ya samu lauya, mu ne a ciki."

"Wa ya ce korarsa za a yi?" Manaja ya gyara zama. "Shi zai ajiye da kansa. Buga takardar. Heluma zai kai masa, ai maƙwabcinsa ne."

Ta buga, don ita ma a ƙarƙashin wani take. Amma da Abdulkabir ya fito ta biyo shi har gindin famfo.

"Baba Heluma, don Allah ka gaya masa ba dole ba ne ya sa hannu. In bai sa ba, babu yadda za a yi da shi. Ka gaya masa ni na ce."

"To, 'yata. Zan gaya masa."

Bayan la'asar Abdulkabir ya sami Muntaka a zaure. Ya ce masa hutu ne na ɗan lokaci kafin ƙura ta lafa, ya ce Manaja ya yi alkawarin za a neme shi. Saƙon Khaulat yana kan harshensa, ya haɗiye. Muntaka ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami. Ranar Litinin Jamil ya hau keken ɗinki.

Wata huɗu kenan. Tun daga nan Muntaka ya koma ƙwadago a lambunan rani, yau ga albasa gobe ga tumatir, cikin rana da ruwa. Abdulkabir kuwa ya sauya hanyar masallaci. In sun haɗu a sahu sai gaisuwar fatar baki, ya yi wuf ya fice kafin a shafa addu'a.

A ranar Lahadin da ya faɗa kanal suka kai Muntaka asibitin ƙaramar hukuma. Likita ya ce ruwa ya shiga huhunsa, ya yi masa allurai, ya ce in zazzaɓin bai sauka ba a wuce da shi Kano. Kwana biyu bai sauka ba. Muntaka ya ce shi dai a mayar da shi ɗakinsa ya kwana ɗaya tukuna. Aka yi, aka yi, ya kafe.

Ranar Laraba da safe Abdulkabir bai je aiki ba. Ya yi sallama, Aina'u ta ɗaga masa labule ta koma madafa. Muntaka na jingine da bango, an tokare shi da matasai biyu, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen icce.

"Kabiru. Yau ba aiki?"

"Na ce musu ba ni da lafiya."

"Ƙarya dai ba kyau," Muntaka ya ce, ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Abdulkabir ya tallafe shi ya ba shi ruwa a moɗa. Da ya lafa, ya sake jingine shi da bango. Daga waje ana jin Aina'u tana korar kaji.

"Muntaka, akwai maganar da na riƙe."

"Uhm."

"Takardar nan da na kawo maka. Ba hutu ba ne. Ba kuma dole ba ne ka sa hannu. Yarinyar ofis ta ce in gaya maka doka na bayanka, in ka ƙi babu mai iya fitar da kai. Ban gaya maka ba." Ya ajiye moɗar a ƙasa. "Kuma da Manaja ya tambaye ni, ni na ce za ka iya faɗa wa inji."

Muntaka ya lumshe ido, har Abdulkabir ya zaci barci ne ya ɗauke shi.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ita yarinyar ta tare ni a bakin get tun da rana, kafin ka zo. Ta yi mini bayani tas. Har lambar wani lauya ta rubuta mini. 'Yar albarka."

Abdulkabir ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "To don Allah me ya sa ka sa hannu?"

"Kai ka kawo."

"Muntaka..."

"Da Manaja ne ya kira ni, wallahi da sai mun je inda za mu je. Na shirya. Na ce masu gudun faranti jahilci ne, Allah Ya ganar da su, ni zan ci abincina ni kaɗai in yi ɗinkina. Sai na ga kai ne ka shigo da ita a aljihu." Ya tsaya ya ja numfashi. "Na ce to, in har Kabiru ma yana ganin in tafi, me zan zauna yi?"

Abdulkabir ya dafe kai da hannu biyu. Ya so ya ce a yafe masa, amma ya ji kalmar ta yi masa arha a baki.

"Yaron nan Jamil," Muntaka ya ce, "ka ce masa ya riƙa ninke bakin buhun sau biyu kafin ya ɗora keke. Na ga buhunansa a kasuwa, suna zuba."

"Zan gaya masa."

"A wannan karon ka gaya masa fa."

Bai faɗa da zafi ba. Da ma da zafin ya faɗa, da ya fi sauƙi.

Abdulkabir ya fita neman motar da za ta kai su Kano. Ya samu, direban ya ce da zarar an sallame azahar zai zo. Yana dawowa, tun daga bakin rijiya ya jiyo salatin mata.

Kafin a jima gari ya cika ƙofar gidan. Liman ya tambaya wa zai yi wanka. Dattawa biyu da suka saba yi suka shiga gyaran murya, ɗaya ya ce hannunsa na ciwo. Sai Aina'u ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dashe.

"Malam, ya bar wasiyya. Ya ce Baban Sakina zai yi masa."

Ido ya dawo kan Abdulkabir, don Sakina sunan 'yarsa ne. Ya cire agogonsa, ya naɗe hannun riga, ya shiga. Liman da kansa ya riƙa zuba masa ruwa. Ya wanke kan da ya sha riƙewa a daji suna yara, ya wanke tabon goshi na faɗuwar sito, ya wanke yatsun da zare ya yi wa kanta. A ƙarƙashin farcen har yanzu akwai taɓon kanal. Ya sa tsinke ya fitar da shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, Liman na tsaye da buta bai ce ya yi sauri ba.

Motar kamfani ta kawo leburori jana'iza, Manaja Zubair a gaba. Sahu ya yi bakwai. A maƙabarta Manaja ya kama hannun Abdulkabir ya ce, "Sai haƙuri, Heluma. Mun yi rashin ma'aikaci. Kai kam ka yi masa zumunci har ƙarshe." Mutanen da ke kusa suka ce ƙwarai kuwa, samun maƙwabci irin Malam Kabiru sai an tona. Abdulkabir ya sunkuyar da kai yana amsa amin, amin, yana jin kowace kalma kamar ƙaya.

Da aka tashi daga zaman makoki dab da magariba, ya tsaya naɗe tabarmi a zauren Muntaka. A bayan ƙofa ya ga tarin tsofaffin buhuna na mutanen unguwa, waɗanda Muntaka ke yi wa faci da hannu in ya dawo daga lambu. Na saman an faro ɗinkinsa an tsaya a rabi, basilla na soke da zarenta. Ya juya buhun, sai ya ga sunansa da shuɗin fenti. Nasa ne. Bai ma san matarsa ta miƙa ta katanga ba.

Ya zauna a dandamali ya ɗora buhun a cinya, ya zare basillar, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Ɗinkin Muntaka ya taho a miƙe, ƙanana-ƙanana, kamar jeren tururuwa. Nasa ya biyo baya, wani dogo wani gajere, yana karkacewa. Ladan ya kira salla, mutane suna wucewa ta ƙofa da butoci, shi kuwa yana zaune yana jan zare.