Faifan Lemuel Tubbs

Tun da ciwon shanyewar jiki ya kayar da Cleophus a gonar auduga, bai ƙara gane matarsa Ozella ba. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi faten masara a baki, amma sai ya dube ta ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Baiwar Allah fa! Matar da ta haifa masa 'ya'ya shida.

Abu ɗaya ke dawo mata da shi, tsohon faifan garmaho na Lemuel Tubbs, mawaƙin nan da ya yi yawo da jita a ƙauyukan bakin kogin Mississippi, yana goga wuyan kwalba a kan tsirkiya har ta yi kuka. A wajen wani bikin suyar kifi inda yake wasa ita da Cleophus suka fara haɗuwa. Lemuel ya daɗe a ƙasa, ko kabarinsa ba a sani ba, amma da muryarsa ta tashi sai Cleophus ya juyo ya ce, "Zella, ke ce? Ina kika shige?" Har waƙar ta ƙare, mijinta ne.

To, kullum muryar faifan ƙara dusashewa take yi. Ozella ta kai kuka wurin maƙwabciyarta Vernice.

"Haba 'yar'uwa, datti ne kawai," in ji Vernice tana dariya. "Ki goge shi da giyar masara. Kiɗan Shaiɗan ai sai ruwan Shaiɗan."

Ozella da ba ta fashin coci ta karɓo giyar a ɓoye, ta jiƙa tsumma ta goga. Tsumman ya yi baƙi ƙirin. Ta ce ashe da gaskiyar Vernice, ta ƙara dirzawa. Sai ta ji faifan yana danƙo a hannunta. Giyar ta narkar da shi, layukan sun shafe, ya yi sumul kamar bayan kasko. Garin neman gira ta rasa ido, kuma ba inda za ta samo wani faifan.

Duk da haka ta bari ya bushe, ta ɗora shi, ta murɗa garmahon. Shuuu kawai ke fita. Ta durƙusa gaban kujerarsa ta shiga rera waƙar da kanta, tana kallon idonsa.

Cleophus ya saurara har ta gama, cikin ladabi. Sannan ya dafa hannunta.

"Kin iya, baiwar Allah," ya ce. "Don Allah in kin ga matata, ki ce mata ina nan ina jira."